Ƙaramar Mota, Babban Iyali: Ina Za A Sa Kayan?

Da zarar watan Disamba ya raba tsakiya, makarantu sun yi hutu, sai hankalin iyalai da yawa na 'yan'uwa mazauna Daura da kewayenta ya koma gida. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan sanda da sojoji da jami'an kwastan, da 'yan kasuwa, waɗanda neman abinci ko canjin wurin aiki ya kawo su wannan tsohuwar masarauta ta bakin iyaka. Wani Malumfashi ko Ƙafur za shi, tafiyar 'yan sa'o'i. Wani kuwa sai ya dangana da Zonkwa, ko Kagoro, ko Pankshin, ko Zuru, ko Biu, tafiyar yini guda cur. Kuma babu mai so ya isa gida hannu wofi.

A nan ne magana take. Ƙasar Daura, wato Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, ƙasar gero ce da wake da gyaɗa da dabbobi. Wanda ya zauna a nan shekara guda, dangi a gida suna sa rai ya zo musu da buhun wake, da jarkar man gyaɗa, da ƙullin kilishi, da 'yan zabi, in da hali ma har da rago daga kasuwar Mai'aduwa. Ga akwatunan tufafi, ga kular abinci, ga katifar da uwargida ta ce lalle sai an kai wa tsohuwa. Motar kuwa ita ce dai wannan 'yar ƙaramar Golf ko Corolla da maigida ke zuwa aiki da ita kullum. Sai a tsaya a ƙofar gida, a dubi kaya, a dubi mota, daga nan wani ya ce, "A kai ta wurin mai walda ya yi mata kariya mana."

Kariya, wato ƙarfen nan da ake ɗaurawa a kan rufin mota don ɗora kaya, ba abin ƙi ba ce. Tana da amfani ƙwarai, za mu kuma zo kan yadda ake samun mai kyau. Amma akwai abu guda da ya kamata kowane magidanci ya riƙe tun kafin ya je wurin mai walda: kariya wuri take ƙara wa mota, ba ta ƙara mata ƙarfi. Motar da aka ƙera don ta ɗauki kilo 450, ko an yi mata bene a kai, kilo 450 ɗin dai za ta ɗauka lafiya. Tayoyin su ne, birkin shi ne, sifirin ɗin shi ne.

Wannan ɗabi'a tamu ta lodi tana da asali. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo 504 ta zama motar Arewa, ba a kuma daina harhaɗa ta a can ba sai wajen 2006. Mota ce mai tsawo da tsayin ƙafa, mai jimirin mugun hanya, ta wagon ɗin kuwa har layi uku na kujeru gare ta. Duk wanda ya yi wayo a zamaninta ya ga yadda ake yi mata lodi a tasha har sai an rasa inda rufi ya ƙare kaya suka fara. Da tattalin arziki ya karye bayan 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma sayen ƙananan motoci na hannu 'yan Kwatano, waɗanda aka ƙera domin mutum huɗu ko biyar da 'yan jakunkunansu a kan titunan Turai. Mota ta canza, hannun mai lodi bai canza ba.

To, yaya mutum zai san iyakar motarsa? Masu ƙera ta ba su ɓoye ba. A buɗe ƙofar direba a dubi ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai, in ba a gani ba a buɗe bonet. Akwai ɗan faranti ko takarda da aka manna. A motocin da suka fito daga Turai, kamar Golf da Opel da Fijo, za a ga lambobi huɗu a jere, kowace da alamar kilo. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar gaba ɗaya, da ita da mutane da kaya. Ta biyu ita ce iyakar idan tana jan wani abu a baya. Ta uku nauyin da ƙafafun gaba za su ɗauka, ta huɗu na ƙafafun baya. Idan aka cire nauyin motar ita kaɗai, wanda ke rubuce a littafinta, daga lambar farko, abin da ya rage shi ne rabon iyali da kayansu. A motocin da suka fito daga Amurka kuwa an sauƙaƙa, domin takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofa ta faɗi adadin kai tsaye. Mai Corolla 'yar Amurka da ya duba zai yi mamaki, gama a kan da yawa daga cikinsu adadin bai kai kilo 400 ba.

Bari mu yi lissafi, mu kuma yi wa motar alheri mu ce tana ɗaukar kilo 450. Maigida kilo 75, uwargida 70, ƙanwarta da ke zaune tare da su 55, yara biyu su biyun 55. An sami 255 ke nan, saura 195. Buhun wake cikakke, mai tiya 40, kimanin kilo 100 ne. Saura 95. Akwatuna uku, kowanne kilo 20, saura 35. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 ta haura kilo 20. Abin da ya rage bai kai kilo 15 ba, alhali kuwa ba a ɗora kariyar kanta ba, wadda in ta mai walda ce tana iya kai kilo 20, ba a sa katifa ba, ba a sa kula da ruwan sha ba, rago kuma yana nan ɗaure a gindin bishiya yana jira. Wannan fa iyali ne na mutum biyar kawai. Mu nawa ne muke tafiya mu biyar?

Ba wuya a san nauyin kaya. Masu sayen hatsi da 'yan gwangwan suna da sikeli a kusan kowace unguwa, kuma ko ɗan ma'aunin nan da ake hawa a ga nauyin jiki ya isa: mutum ya hau shi kaɗai, ya sāke hawa riƙe da akwati, ya cire na farko daga na biyu. Aikin rabin sa'a ne, yara ma za su ji daɗin yin lissafin.

Wani zai ce ai direbobin haya suna ɗora abin da ya ninka wannan kullum a hanyar Daura zuwa Kano, ga su nan kuma da ransu. Gaskiya ne ana yi. Amma a tambayi bakanike sau nawa motocin nan ke zuwa gareji, a kuma dubi yawan ɓallin taya da ke warwatse a gefen titi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙidaya mutum 5,421 da suka rasu a haɗarin mota a Nijeriya a 2024, kuma duk ƙarshen shekara lodi fiye da kima na cikin abubuwan da take gargaɗi a kai, tare da gudu da lalatattun tayoyi. Waɗannan ukun kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne. Dabarar nan ta direbobi, ta cusa roba a cikin sifirin ko a canza shi da na babbar mota, tana ɗaga bayan mota don kada ya ja ƙasa, shi ke nan. Ba ta taɓa birki ba, ba ta taɓa taya ba. Ta dai ɓoye wa ido alamar da motar ke bayarwa cewa ta gaji.

Taya ce ke fara biyan bashin lodi. A gefen kowace taya akwai rubutu, misali 175/70 R13 82T. Lambar nan 82 tana nufin tayar na ɗaukar kilo 475, idan 86 ce kilo 530, idan 91 ce kilo 615, wannan kuwa sai tana da lafiya da cikakkiyar iska. Tayar da aka yi wa nauyi alhali iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwashewar nan na haifar da zafi, zafin kuma shi ke raba fatar taya da wayoyin cikinta. A Amurka a watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi bayan da fatarsu ta riƙa saɓulewa a kan gudu, motoci suna kifewa da mutane, kuma abin ya fi yawa a jihohin da ke da zafi. To ina ga ƙasar Daura, inda a watan Afrilu da Mayu, daidai tafiyar Ista da bayanta, zafi kan haura awo 40 a inuwa, balle a kan kwalta? Akwai kuma wasu lambobi huɗu a gefen tayar da ke faɗin lokacin da aka yi ta: 2319, alal misali, mako na 23 ne na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana shawartar a daina amfani da taya idan ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Yawancin tayoyin hannu da muke saya sun riga sun ci wannan wa'adi tun kafin su sauka a tashar jirgin ruwa. Iska kuwa, kada a bar wa mai faci ya yi ta da ka. Awon da ya dace idan mota na cike yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofa ko a murfin tankin mai, ya kuma fi na kullum, musamman a ƙafafun baya. A gwada da safe, taya tana sanyi, har da safaya.

Yanzu mu hau kan rufi. Rufin mota yana da tasa iyakar dabam, kuma ƙarama ce: a yawancin ƙananan motoci tsakanin kilo 50 ne da 75, a Golf 75, kuma da nauyin kariyar kanta a ciki. Ma'ana, buhun wake ko na gero cikakke ba shi da wuri a kan rufi ko kaɗan. Ba don rufin zai burma nan take ba ne. Dalilin shi ne nauyin da ke sama yana sa mota ta yi tangaɗi, kamar yadda mace mai tulu a ka ba ta iya kauce wa abu da sauri irin na wadda ta rungume shi a ƙugu. A ƙasar Suwidin akwai wani gwaji da 'yan jaridar motoci ke yi, na karkata sitiyari farat ɗaya a dawo, kamar an kauce wa dabbar da ta faɗo hanya. A watan Oktoba na 1997 wata sabuwar ƙaramar Marsandi mai tsayin jiki, A-Class, ta kife a wannan gwaji, har kamfanin ya dakatar da sayar da ita sai da ya gyara. Sabuwar mota ce fil, babu komai a rufinta. Mu kuwa wannan gwaji kullum muna cikinsa: tsakanin Daura da Kazaure ba a rasa akuya ko jaki ko garken shanu ko ɗan acaɓa da zai faɗo titi ba sallama, ga ramuka, ga hazon hunturu da ba ya barin a hango su da wuri.

Saboda haka tsarin lodi shi ne mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama. Buhu da jarka su shiga but, a tura su can ciki su jingina da bayan kujera, kusa da tsakiyar mota, kada su zauna a bakin but inda za su danne baya su ɗage gaba. Motar da gabanta ya ɗage sitiyarinta kan yi sakwa-sakwa, birkinta ya ragu, fitilunta kuma su daina haska titi su koma kashe idon masu tahowa. Motocin Turai da yawa suna da wani ɗan maɓalli mai lamba 0 zuwa 3 kusa da makunnin fitila, domin sunkuyar da fitilun idan an yi lodi, amma masu mota da dama sun shekara da motarsu ba su san aikinsa ba. Abin da zai hau rufi shi ne mai cin wuri marar nauyi: jakunkunan Gana-mas-go na tufafi, barguna, tabarmi, robobi da kwanduna. Katifa kuwa a yi hattara da ita. Ba ta da nauyi, amma idan iska ta shiga ƙarƙashinta sai ta zama fiffike, ta nemi tashi da kariyar gaba ɗaya. A naɗe ta, a ɗaure tamau, a sa ta a tsawon mota, kada bakinta ya leƙo gaban gilashi.

Kariya iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta kamfani, sanduna biyu da ke kama gefen rufi da maƙalai, wani lokaci da akwatin roba mai makulli a kai. Kamfanin Thule na Suwidin, wanda aka kafa a 1942, shi ya fi suna a wannan sana'a, kuma akan dace da irinsu na hannu a wurin masu sayar da kayan mota a Kano, sau da yawa ma suna zuwa ne a kan motocin Kwatano. In an samu wadda ta dace da irin motar, ita ta fi, gama ba ta da nauyi, an kuma rubuta iyakarta a jikinta. Akwai kuma ta mai walda, wadda yawancinmu za mu iya saya. Masu waldarmu gwanaye ne, amma sai an faɗa musu abin da ake so, in ba haka ba za su yi maka irin ta motar haya, mai kaurin ƙarfe, wadda ita kaɗai ta cinye rabin iyakar rufin. A nemi siririn bututu mai huɗu-huɗu. Ƙafafunta su zauna a gefen rufi inda ƙarfin yake, ba a tsakiya ba inda ƙarfen bai fi na faranti kauri ba. Tsofaffin motoci irin su 504 suna da ɗan indararo a gefen rufi da ake kamawa, wagon da yawa suna da sanduna nasu tun daga kamfani, sababbi kuwa suna da wuraren ɗauri a ɓoye ƙarƙashin robar rufi ko ta bakin ƙofa. A sa roba tsakanin ƙarfe da fenti. A ɗaure da noti, kada a like da walda, kada kuma a yarda a huda rufi. Hujin da aka yi a watan Disamba ba a jin labarinsa sai Agusta, lokacin da ruwa zai fara ɗiga a kan kujera, tsatsa ta biyo baya. Ba a fafe gora ranar tafiya: a yi kariya da mako biyu a hannu, a ɗora mata kaya a zaga gari, a saurari inda take ƙara.

Wajen ɗauri, igiyar roba ta tsohon tif da muka saba da ita tana da kyau wajen matse tamfol, amma ba ita ce za ta riƙe kaya ba, domin tana miƙewa, rana kuma na cinye ta. A nemi igiya mai ƙwari ko ɗamarar nan mai ƙarfen matsewa, a ɗaure ta gicciye da kuma ta tsawo, domin idan aka taka birki gaba kaya ke nufa. Tamfol a fara shimfiɗa shi a ƙasa, a jera kaya, a naɗo shi ta yadda bakin zai kalli baya. Kaya sukan zauna bayan an fara tafiya, igiya ta saki, don haka wanda ya kama hanyar Kano ya tsaya tun a Sandamu ya sāke matsewa, ya kuma duba a Kazaure da duk inda aka tsaya shan mai. A tuna kuma hanyar nan ta fito ne daga Kwangwalam, bakin iyakar Nijar, shingayen bincike ba sa yankewa a kanta, musamman tun bayan rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Duk wani buhu yana iya jawo tambaya. A yi ɗaurin da za a iya kwancewa a mayar ba tare da an sauke komai ba, in kuma shinkafa ce a riƙe rasit ɗin inda aka saya.

Akwai wata hanyar ƙara wuri da ta fi kowace yawa a titunanmu, ita ce kuma ta fi kowace muni: a cika but har ya ƙi rufuwa, a ɗaure murfin da igiya, kaya suna reto a waje. Ban da nauyin da ke rataye a bayan ƙafafun baya, da lambar mota da fitilun birki da kayan ke rufewa, akwai hayaƙi. Mota idan tana gudu, iskar da ke bayanta juyowa take yi, sai ta turo hayaƙin salansa cikin but ɗin da ke buɗe, daga nan ya shiga ɗaki. Gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta da launi, ba ta da wari. Alamarta ciwon kai ne da jiri da barci, kuma yara ta fi saurin kamawa. Sau nawa ake cewa yaro ya yi barcin mota, ko mota ce ba ta karɓe shi ba, alhali hayaƙi ya sha? Direban ma da ke gyangyaɗi a dajin Falgore, ba lalle gajiya ce kaɗai ba. A lokacin hunturu, da ake rufe gilasai saboda sanyi da ƙura, abin ya fi haɗari.

Daga nan sai maganar da ba a so a ji. Idan wuri ya ƙare, yara ne ake maida su kaya. A ɗora ɗaya a cinyar uwa a gaba, a cusa biyu a bayan wagon tsakanin buhu da jarka, a ce ai su ƙanana ne. 'Yan'uwa, karon da aka yi a gudun kilomita 50 kacal daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Babu hannun uwar da zai iya riƙe jariri a wannan hali, kuma duk abin da ba a ɗaure ba a cikin mota, ko kula ce ko tukunyar gas, gaba zai yi da irin wannan ƙarfi ya sami kan wanda ke gabansa. Ka'idar hanya ta ƙasa ta ce yaran da ba su kai shekara 12 ba a baya za su zauna, ɗaura bel kuwa tun ranar 1 ga Janairun 2003 aka fara tilasta shi. Kowane mutum da kujerarsa da bel ɗinsa. In mutane sun fi kujeru yawa, to ba kariya ake bukata ba, mota ta biyu ake bukata, ko wasu su bi ta haya. A ganina ya fi kyau a bar buhun wake a Daura da a zaunar da yaro a kansa. Kayan da ke bayan kujera kuma kada su wuce tsayin kafaɗarta, domin kada su zubo, domin kuma direba ya ga baya a madubi.

Jarkar fetur ba ta da wuri a ɗaki, ba ta da wuri a rana a kan rufi. Mutanen bakin iyaka sun saba tafiya da ita saboda wahalar mai da suka sha, amma a hanyar Kano gidajen mai ba sa yankewa. Rago da zabi kuwa, dabba ce mai rai da numfashi. Yini guda a ɗaure a kan rufi cikin iska, ko a cikin but tare da hayaƙi, azaba ce, kuma sau da yawa abin da ake saukewa bai kai abin da aka ɗora ba.

Sai batun aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mai ya zama shi ne babban kuɗin tafiya. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa babban akwati a kan rufi yana rage nisan da mota ke yi da kowace litar mai da kashi 6 zuwa 17 cikin ɗari a babbar hanya, har kashi 10 zuwa 25 idan ana gudun kilomita 105 zuwa 120. Wannan akwatin kamfani ne, ba tulin jakunkuna da tamfol mai kaɗawa ba. Turjiyar iska kuwa, idan gudu ya ninka biyu, ita ninkawa huɗu take yi. Daga Daura zuwa Jos, ta Ɗambatta da Kano da Tudun Wada da Saminaka, ya haura kilomita 400, zuwa da dawowa ya haura 800. Mai kariya da ya tsaya a kilomita 80, wanda dama shi ne iyakar ƙananan motoci a titin da ba tagwaye ba, ya rage wa kansa kuɗin mai, ya kuma ba birkinsa sarari, gama mota mai lodi tana bukatar fili mai tsawo kafin ta tsaya. A gangara irin ta Hawan Kibo a sauko da giya, kada a kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Ban da mai akwai tara: a jadawalin laifuffuka na dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007, lodi fiye da kima Naira 10,000 ne, kayan da suka leƙo waje ba jan ƙyalle kuma laifi ne na dabam. Jihohi ma suna da nasu jami'an, KASSAROTA a Katsina, KAROTA a Kano.

Idan aka haɗa kuɗin kariya, da ƙarin mai, da lalacewar taya da shok, sau da yawa za a tarar aika buhun ta tasha ya fi araha. Hanya ce da 'yan kasuwa suka daɗe da sani: a kai kaya tasha kwana biyu ko uku kafin tafiya, a rubuta suna da lambar waya a jikin buhu, a biya a ofishin 'yan ƙungiya, a karɓi lambar direba da ta mota, wani ya tarbi kayan a can. Iyalai uku ko huɗu 'yan gari ɗaya, waɗanda ke haɗuwa a sujada kowace Lahadi, suna iya haɗa kuɗi su ɗauki akori-kura guda ta kai musu hatsi da dabbobi gaba ɗaya, kowa ya tafi da motarsa sakayau. Zumuntar mata, waɗanda suka saba shirya tafiyar taro da kayan girki, sun fi maza iya wannan tsari, da za a tambaye su. Wani abin ma ba sai an ɗauka ba. Shinkafa da sukari da sabulu akwai su a Kafanchan da Pankshin, kuɗinsu za a aika a saya a can.

Safaya da jak da sifana da alamar tsayawa mai kusurwa uku da tukunyar kashe gobara, kada a binne su a ƙarƙashin kaya. Wanda tayarsa ta yi faci a tsakiyar daji, ya ga sai ya sauke but gaba ɗaya a gefen titi da yara a tsaye kafin ya kai ga safaya, ya san dalili. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kiran kuma kyauta ne.

Lodin dawowa shi ne ba a shirya masa. Bayan Kirsimati da bikin sabuwar shekara, ana gobe za a taso, sai dangi su fara shigowa: wannan da doya, wannan da buhun dankalin Turawa, inna da acca da citta, kawu da galan ɗin manja da kwalbar zuma. Ba a mayar da hannun kyauta baya, kowa ya sani, kuma doya goma masu kyau sun kai nauyin yaro ɗan firamare. Mafita ita ce a riƙe lissafin nan na farko a ka, a karɓi kome da godiya, a ɗauki abin da motar za ta iya, sauran a kai tasha ya biyo baya. Idan an iso Daura lafiya, a kwance kariyar a ranar, domin ko babu kaya a kanta tana shan mai tana kuma kuka a iska. A shafa wa notocin bakin mai, a zuba su a gwangwani guda tare da robobinsu, a jingine ta a inda ruwa ba ya taɓawa, sannan a koma wurin mai faci a rage iskar tayoyin baya zuwa awon kullum.